Shawara ga masu jinyar wanda ke yawan ƙwarewa

Idan kuna jinyar babban mutum mai wahalar haɗiya, musamman bayan shanyewar ɓarin jiki, ku zaunar da shi bayansa a miƙe, ya sunkuyar da haɓarsa wajen ƙirji kafin ya haɗiye, kuma kada ya kwanta sai bayan minti 30 da gama cin abinci.

Sunkuyawar tana taimakawa wajen kare bakin hanyar iska, don kada abinci ya zame zuwa huhu, inda yakan jawo ciwon nimoniya da yawan kwanciya asibiti. Ruwa tsinkakke ma ya fi saurin ƙware mutum.

Dabarar ba ta yi wa kowa aiki. Idan abinci yana tokarewa a ƙirji, ko majinyacin yana ramewa, ku garzaya wurin likita, domin wataƙila hanyar abincin ce ta ƙuntace.