Yadda ake lallaɓa hannu idan ciwon Raynaud ya tashi

Akwai mutanen da in sanyi ya taɓa musu hannu, ko ruwan alwalar asuba ne a hunturu ko ciro ƙanƙara daga firij, sai kaga yatsu sun yi fari fat sun mutu murus kamar ba a jikinsu suke ba. Likitoci na ce ma abin Raynaud, sunan wani likitan Faransa ne, Maurice Raynaud, da ya bayyana shi a 1862, kuma mata ya fi kamawa. Ƙananan jijiyoyin jinin yatsu ne ke tsukewa fiye da kima sai jini ya kasa wucewa, wani ma ba sanyi ba, ɓacin rai kawai ke tayar masa da shi.

Toh abin da ke ruɗa mutane shine zafin baya zuwa sanda ake tsammani. Lokacin da jinin ya ɗauke yatsa baya jin komai sosai, sai jini ya fara dawowa ne zugi da raɗaɗi ke tasowa kamar ana tsira allurai. Don haka matakin farko shine ka gane inda kake: fari, sai shuɗi-shuɗi, sai ja. Mu masu baƙar fata launin baya fitowa sosai a bayan hannu, tafin hannu da ƙarƙashin farce zaka duba.

Na biyu ka bar wajen sanyin, ka shiga ɗaki ka sa rigar sanyi da hula, don in gangar jiki na jin sanyi jijiyoyin yatsu ba zasu saki ba ko ka sa safar hannu biyu. Ka cusa hannun a hammata, ko ka miƙe ka riƙa wulwula hannu daga kafaɗa, hakan na tura jini zuwa yatsu.

Na uku, kuma dan Allah nan ne ake yin ɓarna, ruwa mai ɗumi ake sa hannu ciki ba mai zafi ba. Yatsan da ya mutu baya iya gaya maka ruwa ya yi zafi, sai mutum ya kara hannu a garwashi ko ya tsoma a ruwan da aka sauke yanzu daga wuta yana cewa ai bana jin komai, sai daga baya ya ga fata ta tashi ta ɗuri ruwa. Gwada ruwan da gwiwar hannu tukun, ko wani ya taɓa maka. Kar kuma a murza yatsun da ƙarfi.

In zugin nan ya fara kar hankalinka ya tashi, jini ne ke dawowa, yawanci cikin kamar minti 15 launi ke daidaita bayan an ɗumama. Ka daure ka bar hannun a ɗumin.

Sai ka ɗau hoton hannun da waya duk sanda ciwon ya tashi, don ranar da ka je asibiti hannun lafiya lau zai kasance, likita ba abin da zai gani. Ka faɗa masa duk maganin da kake sha, propranolol (wani maganin hawan jini) da maganin mura mai pseudoephedrine suna ƙara tsuke jijiya, amma kar ka daina na hawan jini da kanka. Taba sigari kam a ajiye ta. In abin ya yi yawa akan bada nifedipine, maganin da ke buɗe jijiyoyin jini, shima likita ne zai rubuta.

Wanda abin ya fara masa bayan shekara 30, ko a hannu ɗaya kawai, ko da ciwon gaɓoɓi da fatar yatsu na ɗaurewa tana sheƙi, a yi masa gwajin jini don lupus da sikiloredama (scleroderma), cututtukan da garkuwar jiki ke yaƙar jikin mutum da kansa, na iya ɓoyewa a bayansa. In kuma gyambo ya fito a bakin yatsa, ko yatsa ya yi baƙi yana zugi awanni bai dawo ba duk da ɗumamawa, a tafi asibiti a ranar.