Yadda Ake Ɗaukar Hoton Yaƙin Sama da Tsofaffin Jirage Ba Tare da Asarar Rai Ba

Jiragen Yaƙin Duniya na Biyu, irin su Spitfire da Mustang, sun haura shekara saba'in da ƙerawa, kuma waɗanda suka rage suna tashi ba su da yawa. Saboda haka mai shirya kwaikwayon yaƙin sama don talabijin ya ɗora nauyin gamsar da mai kallo a kan kyamara, ya bar matuƙi ya yi tuƙin da jirgin zai iya ɗauka.

Aikin yana farawa ne tun a ƙasa. Kafin a tayar da inji, a zauna da matuƙa da masu ɗaukar hoto a tsara kowane juyi, a ba kowane jirgi tsayin da ba zai ƙetare ba, a kuma fayyace inda kowa zai nufa idan ya daina ganin ɗan'uwansa. A watan Nuwamba na 2022, a bikin nuna jirage a Dallas ta Amurka, ƙaramin jirgin yaƙi P-63 ya yi karo da babban jirgin jefa bama-bamai B-17, mutum 6 suka rasu, kuma hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka (NTSB) ta gano cewa ba a yi isasshen tsarin raba jiragen tun kafin tashi ba. Abin da ba a tsara a ƙasa ba, kada darakta ya nema ta rediyo, komai kyawun hasken rana a lokacin. A kuma amince da kalma guda wadda duk wanda ya furta ta, matuƙi ne ko mai lura daga ƙasa, za a watse nan take ba tare da gardama ba.

Kusancin da ke tsinka zuciyar mai kallo, yawancinsa dabarar ɗauka ce. Gilashin kyamara mai jawo nesa yana matse tazara, har jirage biyu da ke da wadataccen fili a tsakaninsu su yi kamar fikafikansu za su gogi juna. Ana ƙara saurin hoton wajen tacewa, wutar bindiga da fashewa a bar wa kwamfuta ko ƙananan jirage marasa matuƙi, hayaƙin jirgin da aka harbo kuwa ana samar da shi ta hanyar fesa mai na musamman a salansa.

A kula da halin kowane jirgi. Injin Spitfire yana saurin yin zafi idan ya daɗe a tsaye, don lagiretonsa na ƙarƙashin fikafikai sai da iska yake aiki, don haka a gama saita kyamara kafin a kunna shi. Dogon hancinsa yana tare wa matuƙi gaba yayin tafiya a ƙasa, dole ma'aikata su kauce daga hanyarsa.

Batun kamanni shi ne mafi sauƙi. Da yake jirgin yaƙin Jamus, Messerschmitt, na asali ya yi ƙaranci, an daɗe ana amfani da Buchón, samfurinsa ƙirar Sifaniya mai injin Merlin na Birtaniya, a yi masa fentin Jamus. Masana za su gane shi daga hancinsa, sai a rage ɗaukarsa ta gaba.