Yadda Ake Tsara Kashi na Gaba na Wasan Bidiyo Bayan An Ji Ra'ayin Jama'a

Idan wasan bidiyo ya shiga kasuwa, hukuncin jama'a yakan iso ta hanyoyi uku da ba kasafai bakinsu yake zuwa ɗaya ba: yawan kwafin da aka sayar, makin masu sharhi, da bayanan da wasan kansa yake tattarawa game da matakin da 'yan wasa suka maƙale da inda suka ajiye shi ba su sake waiwayarsa ba. Kafin ku fara zana kashi na gaba, ku jera ukun nan ku kwatanta su, domin ciniki shi kaɗai yana iya ruɗar kamfani. Resident Evil 6 na kamfanin Capcom ya sayu sosai a 2012, amma tsofaffin masoyansa sun koka cewa harbe-harbe sun kori firgicin da aka san wasan da shi. Capcom ya ɗauki koken da muhimmanci, sai ga Resident Evil 7 a 2017 ya kulle ɗan wasa cikin wani tsohon gida a Louisiana, yana gani da idon jarumin, yana lissafin kowane harsashi kafin ya harba.

Daga nan sai ku tantance ko laifin na tsarin wasan ne ko kuwa na gaggawa, kuma a ganina nan ne aikin ya fi wuya, domin maganin ɗaya ba ya warkar da ɗayan. Assassin's Creed na farko, na 2007, matsalarsa ta tsari ce: ɗan wasa zai zauna a kan benci ya saurari hirar mutane, ya zare wasiƙa daga aljihun wani, ya tsare wani da tambayoyi, sa'an nan ya maimaita waɗannan a birni na gaba har ya ƙosa. Kamfanin Ubisoft da ya yi wasan ya riƙe hawan gine-gine da tsalle a kan rufi, waɗanda kowa ya yaba, ya faɗaɗa nau'o'in ayyuka a kashi na biyu a 2009. Shi kuwa Assassin's Creed Unity na 2014, ciwonsa na rashin isasshen lokaci ne, ya fito cike da kurakuran manhaja har hotunan fuskoki marasa fata suka karaɗe intanet. Abin da ya dace a nan shi ne sassauta jadawali, kuma kamfanin bai fitar da babban kashi a 2016 ba, sai a 2017 ya dawo da Origins wanda ya gina labarinsa a tsohuwar Masar.

Kada ku yi shelar sabon wasa alhali wanda yake hannun mutane bai gyaru ba. Cyberpunk 2077 ya fito a Disambar 2020 da matsaloli masu yawa a tsofaffin na'urori, har Sony ya cire shi daga shagon PlayStation sai a Yunin 2021 ya mayar da shi. CD Projekt Red, kamfanin da ya yi wasan, ya shafe shekaru yana gyara, ya fitar da ƙarin labarinsa mai suna Phantom Liberty a 2023, ya kuma yanke shawarar barin injinsa na cikin gida, wato manhajar da yake gina wasanni a kanta, ya koma injin Unreal Engine 5 a manyan wasanninsa masu zuwa. Wanda ya ga an gyara abin da ya riga ya biya, shi ne zai yarda ya sake zura hannu a aljihu.

Ku kuma kula kada garin toshe ɓaraka guda ku buɗe wata. An soki Star Wars Battlefront na 2015 saboda ba shi da labarin da mutum zai buga shi kaɗai, sai kamfanin EA, mai buga wasan, ya ƙara shi a kashi na biyu a 2017, amma ya haɗa ci gaban ɗan wasa da akwatunan sa'a da ake iya saya da kuɗi ba tare da sanin abin da ke cikinsu ba. Fushin da ya biyo baya ya tilasta dakatar da sayayyar cikin wasan gab da ranar fitarsa. Saboda haka duk wani sabon tsarin samun kuɗi ya kamata a gwada shi a gaban 'yan wasa na gaske tun da sauran lokacin sauya shi.

Ranar fitarwa ma tana cikin dabarar. Titanfall 2 ya amsa koken rashin labari da aka yi wa na farko, ya zo da labari mai kyau da masu sharhi suka yaba, amma an sake shi a Oktoban 2016, mako guda bayan Battlefield 1, wanda shi ma EA mai buga Titanfall 2 ne ya fitar da shi, mako guda kafin Call of Duty: Infinite Warfare, cinikinsa kuwa bai kai yadda aka yi tsammani ba. Ku duba jadawalin abokan hamayya, har da na kamfanin da yake buga muku wasan, tun kafin ku tsayar da rana.