Yadda Za Ka Sa Sabon Kifin Ruwan Gishiri Ya Fara Cin Abinci

Kifin adon da ka kawo gida jiya ba ƙaramar tafiya ya sha ba. Akasarin na ruwan gishiri daga tekun Indunusiya da Filifin ake kamo su, a ɗaure a leda da ɗan ruwa da iska, a loda a jirgi, a sauke wurin dillali, daga nan shago, sannan hannunka. Wanda ya sha wannan jigila ba abinci ne farkon abin da ke ransa ba, wurin ɓuya yake nema. Shi ya sa in aka ce mini sabon kifi ya ƙi ci, ba na fara tambayar me aka ba shi. Nakan tambayi abin da ke tsorata shi.

Mataki na farko: tun a shago

Kafin ka biya kuɗi, ka ce da mai shago, "Malam, ɗan zuba masa abinci in gani." In ya ci a gabanka, ka tambayi irin abincin, ka sayi irinsa ka tafi da shi. In aka ce maka yanzun nan ya ƙoshi, ka dawo gobe. Akwai wuraren da masunta ke fesa gubar sayanaid don kifi ya suma su kama shi, duk da doka ta hana. Irin wannan kifi zai iya zuwa da launi mai kyau, amma cikinsa ya riga ya lalace, ya ƙi ci har ya mutu. Wanda aka haifa a gidan kiwo, kamar yawancin kifin kilawun mai ratsin fari da ruwan lemo, ya saba da abincin gwangwani tun yana ƙarami, ba ya ba da wahala.

Mataki na biyu: rabu da shi ya huta

Ranar farko ka kashe fitilar tanki, kada ma ka zuba abinci sai washegari. Ka sa masa gutsuren bututun roba biyu ko uku da zai shige ciki, ka rufe bayan gilashin da gefensa da kwali. Yara su daina ƙwanƙwasa gilashi, kai ma ka daina leƙe kowane minti biyar. Abin da ya fi shi ne sabon kifi ya yi kamar mako huɗu a ƙaramin tanki shi kaɗai kafin ya shiga babba. A nan babu mai ƙwace masa abinci, kuma kana ganin duk lomar da ya haɗiya.

Mataki na uku: auna ruwa

Amoniya da naitirait, gubar da kashin kifi da ruɓaɓɓen abinci ke haifarwa a ruwa, su zama sifili, babu ciniki a nan. Ma'aunin pH, wato na tsamin ruwa, ya tsaya tsakanin 8.1 da 8.4, zafin ruwa digiri 24 zuwa 26. Gishirin teku yana kusan 1.025 a ma'auni, wato kamar giram 35 a kowace lita, amma shaguna da yawa suna ajiye kifi a ruwan da gishirinsa bai kai haka ba. Ka auna ruwan ledar da ya zo ciki. In akwai rata, ka daidaita ƙaramin tankin da shi, sannan ka riƙa ƙara gishirin sannu a hankali cikin kwanaki. Hawan gishiri lokaci guda yana galabaitar da kifi fiye da saukarsa.

Mai kiwo a Kano ko Yamai yana da ƙarin aiki da bazara. Ruwa in ya yi zafi iskar da ke cikinsa raguwa take, kifin da ke haki kuwa ba ya kallon abinci. Ka sa fanka tana kaɗa saman ruwan, ka tanadi ƙaramin injin iska mai batir saboda ɗaukewar wuta. Ruwan da ya ƙafe kuma da tataccen ruwa marar gishiri ake cike gurbinsa, domin gishirin bai tafi ko'ina ba.

Mataki na huɗu: duba maƙwabta

In ka riga ka sa shi a babban tanki, ka ja kujera nesa ka zauna shiru na rabin awa. Sau da yawa za ka ga wani tsohon ɗan gida, musamman kifin da ake kira tang ko damsel, yana kai masa hari duk sanda ya fito. Yagaggen jela da maƙalewa a kusurwar sama kusa da famfo alamu ne na haka. Ka sa baƙon a akwatin roba mai ramuka a cikin tankin na 'yan kwanaki, suna ganin juna ba sa taɓa juna, ka riƙa ba shi abinci a ciki. Manna madubi a jikin gilashi ma yana ɗauke hankalin mafaɗacin, ya koma faɗa da inuwarsa.

Mataki na biyar: abincin kansa

A teku babu abincin da ke saukowa daga sama a busasshe. Kifi ya san abu biyu, motsi da ƙanshi, da su za ka yaudare shi. Fara da maisis, ƙananan jatan lande da ake sayarwa a daskare. Ka narkar da ɗan kaɗan a kofi da ruwan tanki, ka zuƙa da sirinji marar allura, ka saki a hankali a bakin inda yake ɓuya, yadda ruwa zai ɗan juya shi kamar mai rai. Kaɗan-kaɗan sau uku ko huɗu a rana ya fi tuli sau ɗaya. Abin da bai ci ba bayan minti biyar ka zuƙe shi, don ruɓewarsa ce ke tayar da amoniya.

In ya ƙi, koma kan mai rai. Ƙwan atemiya, wasu 'yan mitsi-mitsin jatan lande na ruwan gishiri, yana ƙyanƙyashewa cikin kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi a kwalbar ruwan gishiri mai kumfar iska, kuma da wuya ƙaramin kifi ya ga 'ya'yan suna wutsil-wutsil bai kai baki ba. Sai dai atemiya mabuɗin ci ce kawai, ba ta da gina jiki da yawa, ba za a rayu a kanta ba.

Daga nan kowane kifi da halinsa. Tang makiyayi ne, yini yake yana tsintar gansakuka a jikin duwatsu, don haka ka ɗaura masa busasshen ganyen teku da ake kira nori, marar gishiri da yaji, a jikin dutse da roba ka bar shi. Antiyas yana son ci sau da yawa a rana kuma saurin ramewa gare shi. Mandarin ƙananan ƙwarin ruwa da ake kira kofifod yake tsinta, kuma sabon tankin da ba su yaɗu a ciki ba yunwa ce kawai gare shi. Gara ka haƙura da shi sai tankinka ya tsufa.

Wanda ya fi daɗe mini a rai shi ne wani kofaband, mai siririn dogon baki da ratsin ruwan goro. Kwana shida ina zuba maisis, yana bin sa da ido har ya kwanta a ƙasa. A na bakwai na samo ɗanyen kilam, abin tekun nan mai ɓawo biyu kamar kumba, na daskarar da shi, na buɗe, na ajiye rabi da namansa a gindin dutse, na koma bakin ƙofa na tsaya. Ya zagaya shi sau uku, ya karkata kai, ya tsaya cak, sai ya kai cakar farko. Bakinsa an yi shi ne don zaƙulo abinci daga rami, ba don kama abin da ke yawo a ruwa ba. Bayan kwana biyu na riƙa cusa maisis a cikin ɓawon, ya ci bai bambance ba.

Batun tafarnuwa, masu kiwo da yawa suna jiƙa abinci da ruwanta don ƙanshin ya jawo kifi. Ɗigo ɗaya ko biyu ba laifi, amma kada ka ɗauke ta magani.

Mataki na shida: ka tabbata ba ciwo ba ne

Babban kifi mai jiki zai iya yin mako bai ci ba ya tsira, ƙananan ba su da wannan ajiya. Kowace safiya ka dube shi ta gaba. In cikin ya shafe, ko bayan kai ya fara lotsawa, lokaci na ƙurewa. Farin kashi mai kama da zare yana yawan nuna ƙwayoyin cuta a hanji, kuma ana amfani da metronidazol, wanda muka sani da Flagyl, ko firazikwantel, bisa awon da aka rubuta don kifi. Fararen ɗigo kamar barbaɗin gishiri, goga jiki a dutse da saurin numfashi kuwa cutar fata da wurin numfashi ce. Maganin jan ƙarfe da ake ba ta yana rage cin abinci, saboda haka in kifin bai nuna ciwo ba ka bari ya fara ci kafin ka soma, kuma kada maganin ya taɓa shiga tankin da ke da murjani ko jatan lande, kashe su yake.

Mataki na bakwai: sauya masa abinci

Ranar da ya fara ci kada ka yi saurin canji. Ka ba shi kwana uku ko huɗu a kan abin da ya karɓa, sannan ka riƙa haɗawa da ɗan daskararre, kana rage mai rai kullum. Haka za ka yi daga daskararre zuwa busassun ƙwayoyi, ka zaɓi ƙananan da suka dace da bakinsa, ka jiƙa su tare da maisis su ɗauki ƙanshi. Zai ɗauka ya tofar sau da yawa, wannan ba ƙi ba ne, ɗanɗano yake yi. Ka riƙa ciyarwa a lokaci ɗaya kuma a kusurwa ɗaya. Sai ya kai ga fitowa da kansa yana jira da zarar ya hango sirinji a hannunka, sannan ka mayar da shi babban tanki, da dare, bayan ka ciyar da tsofaffin 'yan gida sun ƙoshi.