Sabon kwikwiyo a gida: karɓarsa da ciyar da shi a watannin farko

Da yawa daga cikin kwiyakwiyan da ke mutuwa a hannun masu su kafin su cika wata huɗu, abu uku ne ke kashe su: tsutsar ciki, zawon jini, da abincin da bai dace ba. Na ukun shi ne wanda mai kare ke yi da hannunsa, kullum, yana ganin kyautatawa yake yi. Ko don gadi ka ɗauko shi, ko farauta, ko rakiyar garke, ƙashi da ƙarfin da zai yi aikin da su a cikin wata shida na farko ake gina su, kuma daga kwanon abinci ake ginawa.

Kada ka raba shi da uwarsa kafin sati takwas. Masu sayarwa kan yi gaggawar rabuwa da su tun suna sati huɗu ko biyar, da zarar sun fara lasar abinci, amma a lokacin cikinsu bai gama ƙwari ba. Dakashin da ya sha a yinin farko na haihuwa shi ne garkuwarsa har zuwa lokacin allura, don haka ka tambaya ko a hannun uwa ya tashi. Kafin ka biya kuɗi, ɗaga leɓensa ka duba dasashi. Mai lafiya dasashinsa ja-ja ne. Idan ya yi fari fat, jini ya yi ƙaranci, galibi tsutsa ko kaska ce ta sha. Duba ƙarƙashin wutsiya ko akwai busasshen zawo. Wanda ya yi tumbi kamar tulu alhali haƙarƙarinsa a waje, gashi a yamutse, ba ƙiba ya yi ba, tsutsa ce.

A gida ka ware masa wuri mai inuwa da busasshiyar ƙasa, siminti ya fi. Yashi mai danshin fitsari shi ne inda wani ƙuda ke zuba ƙwai, tsutsarsa ta huda fatar kwikwiyo ta zauna, sai ka ga ƙuraje masu ɗan rami a tsakiya. Da hunturu a shimfiɗa masa buhu ko tsumma. Kwano biyu nasa shi kaɗai, ɗaya na ruwa ɗaya na abinci, ba a haɗa su da kwanukan gida. Ruwa kada ya yanke masa, musamman a bazara daga Maris zuwa Mayu.

Ranar da ka ɗauko shi ka tambayi abin da ake ba shi, ka ci gaba da shi na 'yan kwanaki ko da ba ka yarda da ingancinsa ba. Canjin gida da canjin abinci a rana ɗaya zawo suke kawowa. Idan za ka canja, a kwana bakwai ake yi: kwana biyu sabon abinci kashi ɗaya cikin huɗu, kwana biyu rabi da rabi, kwana biyu kashi uku cikin huɗu, a na bakwai sabon zalla.

Ragowar tuwo da miya ba abincin kwikwiyo ba ne. Tuwo yana cika ciki, amma kusan duk sitaci ne, kwikwiyo kuwa yana bukatar furotin, sinadarin gina jiki, fiye da babban kare. Ma'aunin da kamfanonin abincin karnuka ke bi shi ne aƙalla kashi 22.5 cikin 100 na busasshen abinci ga mai tasowa, kashi 18 ga babba. Miyar ma ita ce babbar matsala. Kusan ba miyar da ba a sa mata albasa, kuma albasa da tafarnuwa, ɗanyu ko dafaffu, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare. Ba lallai ya faɗi nan take ba. A hankali za ka ga ya yi sanyi, dasashi ya ɗashe, fitsari ya koma kalar shayi. Ga gishiri da dunƙulen ɗanɗano da barkono a kai.

Wasu kuma sai su koma ɗaya gefen, su ce nama zalla, ai kare ne. Wannan ma kuskure ne mai tsada. Cikin sinadarai biyu masu gina ƙashi, tsokar nama tana da fosfaros da yawa, kalsiyam ɗan kaɗan, alhali jikin kwikwiyo yana son su kusan kunnen doki, kalsiyam ya ɗan ɗara. Idan bai samu a abinci ba, jiki sai ya riƙa zarar kalsiyam daga ƙashi. Bayan 'yan makonni ƙafafun gaba su lanƙwashe, ya riƙa ɗingishi, ya yi tsalle daga dakali ƙashi ya karye.

Mafi sauƙi, idan da hali, shi ne abincin buhu wanda aka rubuta na kwiyakwiyai ne. Kwikwiyo mai kilo 3 zai ci kusan giram 130 a yini. A jiƙa da ruwan ɗumi har ya kai wata uku. Ka duba ranar lalacewa, ka shinshina buhun, kada ka sayi wanda aka farke ana aunawa a rana. Idan kuma dafawa za ka yi, ga haɗin kilo ɗaya da zai riƙe karen gida: giram 450 na dafaffiyar shinkafa ko dankalin Hausa ko tuwon masara mai laushi, giram 400 na dafaffen nama, kaza, kifi ko ƙwai, giram 100 na kabewa ko karas da aka dafa suka yi luguf, giram 50 na hanta, babban cokali ɗaya na man gyaɗa, da ƙaramin cokali ɗaya da rabi na garin ɓawon ƙwai. Ɓawon a wanke, a tafasa, a shanya, a daka ya yi laushi kamar hoda. Ƙaramin cokali ɗaya yana ɗauke da kusan giram 2 na kalsiyam. Ƙananan busassun kifi marasa gishiri da aka daka har da ƙayarsu, a barbaɗa sau biyu ko uku a mako, suna ƙara kalsiyam da fosfaros tare. Hanta kada ta wuce wannan awon, domin yawan bitamin A da ke cikinta yana lalata gaɓoɓi. Ba gishiri, ba albasa, ba yaji.

Daga wata biyu zuwa huɗu yana cin kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinsa daga wannan haɗi a yini. Mai kilo 3 ke nan giram 300, a raba huɗu. Daga wata uku a koma sau uku, bayan wata shida sau biyu, awon kuma yana raguwa har ya sauka kashi 2 zuwa 3 cikin 100 idan ya girma. A ajiye kwano minti 15, a ɗauke, kada a bar abinci ya yini ƙudaje na bi. Da ya gama ci ka kai shi inda kake so ya riƙa kashi. Kwikwiyo yakan yi jim kaɗan bayan cin abinci, kuma da haka yake koyon wurin.

Kwiyakwiyan manyan nau'o'in karnuka irin su Jaman shefad da Rotwaila da Bowabol lissafinsu daban ne. A wajensu yawan kalsiyam da yawan abinci suna sa su girma da sauri fiye da yadda ƙashi zai ɗauka, su tashi da ciwon ƙugu da gwiwa. Kada ka ƙara musu ƙwayar kalsiyam a kan abincin buhu, kuma idan dafawa za ka yi, likitan dabbobi ya auna maka.

Madarar shanu ko ta gwangwani, da ake ganin gata ce, zawo take sa kwiyakwiyai da yawa bayan yaye. Cokali ɗaya ko biyu na kindirmo marar sukari ya fi sauƙi a ciki. Goro da cakulan da kofi suna hargitsa bugun zuciya. Inabi da zabibi na iya kashe ƙoda. Dafaffen ƙashi, musamman na kaza, yana tsagewa ya soki hanji. Gyaɗa, ƙuli-ƙuli ko masara da suka yi funfuna suna ɗauke da gubar da ke cin hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Farasitamol da ibuprofen na mutane kada su kusanci bakinsa.

Lokacin layya sai an yi hattara sosai. Tarin kitse a zama ɗaya yana kumbura fankiriyas, wata gaɓar ciki mai taimakon narkar da abinci, kare ya yi ta amai yana gantsarewa. Huhu da hantar rago masu ƙullutu cike da ruwa, waɗanda mahauci ke yankewa ya jefar, kada a bar kare ya ci su ɗanye. Daga nan yake ɗaukar wata tsutsa da ƙwanta ke fita a kashinsa, ya shiga cikin mutum ya yi ƙullutu a hanta. A binne su da zurfi ko a ƙone.

Abinci ba ya amfani a cikin da tsutsa ta cika. Kusan duk kwikwiyo da ita ake haifarsa, domin tana bi ta mahaifa da nono. Ana ba da magani, galibi mai pyrantel ko fenbendazole gwargwadon nauyi, a sati 2, 4, 6 da 8, sannan duk wata har wata shida, daga nan duk wata uku. A riƙa kwashe kashinsa kullum, saboda yara masu wasa da ƙasa. Allurar DHLPP, wato rigakafin cututtuka biyar har da farbo, ana fara ta a sati 6 zuwa 8, a maimaita duk sati uku ko huɗu har sati 16. Kafin ya kammala kada ya fita yawo unguwa, domin ƙwayar farbo mai kawo zawon jini tana yin watanni a ƙasa da ranta. Allurar haukan kare a wata uku, sannan duk shekara. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin ta, ana kuma samu a asibitocin dabbobi na gwamnati da na jami'o'i kamar na Zariya, Sakkwato da Maiduguri. Ka karɓi katin shaida ka adana.

Duk mako ka aza shi a sikeli, ka shafa gefen ƙirjinsa. Ya kamata ka ji haƙarƙari a ƙarƙashin ɗan siririn nama ba tare da ka gan su ba. Idan sai ka danna kafin ka ji, rage abinci da kashi ɗaya cikin goma. Kashin mai lafiya a dunƙule yake, ana ɗauka ba ya barin shafi. Idan ya ƙi abinci sau biyu a jere, yana amai, ko kashi ya zo da jini da ƙarni, kada ka jira gobe: kwikwiyo yana bushewa cikin 'yan awoyi. Ka ja fatar wuyansa sama ka saki; idan ta tsaya ba ta koma ba, ƙarin ruwa yake bukata a asibiti a ranar. Wurin da ya ɓata kuma a kwashe, a wanke da bilic awo ɗaya cikin ruwa awo 30, a bar shi minti goma kafin a ɗauraye.