Yadda Ake Zaɓen Mazubin Abincin da Beyar Ba Zai Iya Buɗewa Ba

Duk wanda ya yi niyyar shiga manyan dazuzzukan Amurka ko Kanada a ƙafa, da jaka a bayansa, don ya kwana biyu ko goma a can, akwai tambayar da jami'in gandun daji zai yi masa kafin ya miƙa masa takardar izini: a cikin me za ka ajiye abincinka da daddare? Dalilin tambayar shi ne beyar, dabba mai ƙarfin gaske wadda hancinta ke jiyo ƙamshi daga nesa, ga kuma basira da naci. Idan sanyi ya gabato yakan ci abin da ya kai kalori 20,000 a rana ɗaya domin tara kitsen da zai yi dogon barci da shi, saboda haka jakar matafiyi mai cike da gyaɗa da sukari da busasshen nama babbar garaɓasa ce a wurinsa. Beyar ɗin da ya ɗanɗani abincin mutane sau ɗaya yakan dawo, tsoron mutane ya riƙa fita daga ransa, har ya fara kutsawa cikin tantuna, kuma ƙarshen irin wannan dabbar sau da yawa shi ne jami'ai su harbe ta. A gandun dajin Yosemite da ke Kalifoniya, a shekarar 1998 kaɗai an samu rahoton ɓarnar beyar fiye da sau 1,500, kuma tsananta dokar ajiyar abinci na cikin abubuwan da suka rage wannan adadi ƙwarai a shekarun da suka biyo baya. Mazubin da za ka saya yana kare guzurinka, amma ran dabbar ya fi karewa.

Kafin ka duba farashi ko nauyi, fara da sanin dokar wurin da za ka je, domin kowane gandun daji da nasa tsarin, kuma abin da aka yarda da shi a nan ana iya cin tararka a kansa a can. A Yosemite an haramta rataye abinci a bishiya kwata-kwata, sai dai mazubi mai tauri daga cikin jerin waɗanda hukumar wurin ta amince da su. A gandun dajin Rocky Mountain na jihar Kolorado ana buƙatarsa daga 1 ga Afrilu zuwa 31 ga Oktoba, a gabashin yankin High Peaks na duwatsun Adirondack da ke jihar New York kuwa daga 1 ga Afrilu zuwa 30 ga Nuwamba. Dajin Desolation da ke kusa da tafkin Tahoe ya wajabta shi tun 2022. A Yellowstone da Glacier, inda ake da babban beyar mai ruwan ƙasa da ake kira girizli, an tanadi sanduna ko itatuwan rataya a wuraren kwana da aka keɓe, don haka igiya mai tsawo da jaka mai ƙarfi sukan wadatar. Kira ofishin gandun dajin ko ka karanta sharuɗɗan takardar izininka tun kana gida, domin dokokin suna canzawa.

Akwai tambarin da za ka yawaita gani a jikin waɗannan kayayyaki, wato na IGBC. Kwamiti ne na hukumomin gwamnati da aka kafa a 1983 domin farfaɗo da girizli, kuma gwajinsa ba na takarda ba ne: ana zuba abinci mai ƙamshi a cikin mazubin a miƙa wa beyar masu rai a wata cibiya da ke garin West Yellowstone na jihar Montana, idan ya jure cizo da dannawa da jifa na tsawon minti 60 ba a buɗe shi ba, ya ci jarrabawa. Tambarin abin dogaro ne, sai dai ba kowane gandun daji ke bin jerin kwamitin ba. Yosemite tana da nata jerin dabam, kuma akwai kayan da IGBC ta amince da su amma ita ta ƙi.

Mazubi mai tauri, wanda ya yi kama da ƙaramar ganga, shi ne zaɓin da nake ba kowa shawara a kansa idan tafiyarsa ta farko ce. Sirrinsa yana cikin siffarsa: faɗinsa ya kai kusan santimita 22, ya fi ƙarfin buɗewar muƙamuƙin beyar, jikinsa sumul ne babu inda farce zai kama, murfinsa kuma yana buƙatar yatsu ko ƙarfe kafin ya buɗe. Misali, samfurin BV500 na kamfanin BearVault yana ɗaukar lita 11.5, nauyinsa ya ɗan haura kilo ɗaya, kuma da yake ana hango abin da ke cikinsa, ba sai ka zazzage komai ba kafin ka samo abin karin kumallo. Ƙaninsa BV450 yana ɗaukar lita 7.2. Murfinsu na murɗawa ne, da ƙananan haƙora da ake dannawa, abin da ke ba da wuya da sanyin asuba idan yatsu sun ƙage, amma gefen katin roba yana taimakawa. Samfurin Garcia baƙi ne, ya ɗan fi nauyi, yana ɗaukar kusan lita 10, bakinsa ya fi ƙunci, kuma da tsabar kuɗi ake murɗa makullansa, don haka kada kwabon ya ɓace maka a daji. Samfurin Bearikade, wanda ake yi da zaren kabon da alminiyum, ya fi su sauƙin ɗauka idan aka kwatanta da abin da yake ci, amma kuɗinsa ya ninka nasu sau uku ko fiye, kuma bai dace ba sai ga wanda zai riƙa yin doguwar tafiya kowace shekara.

Labarin wata macen beyar ta Adirondack ya isa ya nuna dalilin da ya sa na ce a fara da dokar wuri. Ana kiranta Yellow-Yellow saboda alamomi biyu masu ruwan ɗorawa da masu bincike suka maƙala mata a kunnuwa. Ba wata babba ba ce, amma ta gano yadda ake danne haƙoran murfin BearVault da haƙoranta ta murɗe shi, har kamfanin ya sake fasalin murfin ita kuma ta sake gano kansa. Wani mafarauci ya harbe ta a 2012, amma har yanzu hukumar jihar tana gargaɗin matafiya a kan mazubai masu garai-garai irin na BearVault a wannan yankin. Abin da ya gagari girizlin Montana bai gagari wannan ƙaramar dabbar ba, domin abin da beyar ɗin wani daji ya koya dabam yake da na wani.

Zaɓi na biyu shi ne jakar Ursack, wadda ake saƙawa da zare mai taurin da haƙori ba ya yankawa cikin sauƙi. Nauyin Ursack Major bai wuce kimanin giram 220 ba, kuma tana lanƙwashewa yayin da abinci ke raguwa, abin da ganga ba ta yi. Ana ɗaure bakinta tam, sannan a ɗaure ta a jikin kututturen bishiya mai kauri. IGBC ta amince da ita, Yosemite ba ta amince ba. Aibinta shi ne ko beyar bai yaga ta ba, zai tauna ta ya danne ta har abincin ya zama dagwalo gauraye da miyau, kuma ɓeraye suna iya huda irin da ba a ƙara wa kariya ba. A inda babu bishiyoyi, kamar saman duwatsu, ba ta da amfani sosai.

Rataye abinci da igiya kuwa, ko inda doka ta yarda, ba na ganin ya kamata sabon shiga ya dogara da shi. Ana son jakar ta yi sama da ƙasa da mita 3 zuwa 4, ta kuma yi nesa da jikin bishiyar da kusan mita 2, irin wannan reshen yana da wuyar samu da magariba bayan gajiyar wuni, baƙin beyar kuma gwanin hawa ne.

Batun girma shi ne inda mutane suka fi yin kuskure. Ƙiyasin da aka saba da shi shi ne abincin mutum ɗaya na yini ɗaya yana cin kimanin lita ɗaya da rabi, shi ya sa ake cewa BV500 na mako guda ne, BV450 kuma na kwana huɗu. Amma ba abinci kaɗai ke shiga ba. Duk abin da ke da ƙamshi dole ya kwana a ciki: man goge baki, sabulu, man shafawa, man leɓe, maganin sauro, turare ko da ɗan kwalbar aljihu ne, da kuma sharar da ka tara, har da ledar da ta taɓa abinci. Abincin ranar farko ba sai ya shiga ba tunda za a cinye shi kafin dare, amma shararsa za ta nemi wuri. Hanyar da ta fi tabbas ita ce ka shimfiɗa guzurin tafiyar baki ɗaya a gida, ka fitar da kowane abu daga kwalinsa ka zuba a ƙananan ledoji, ka matse iskar, sannan ka gwada cusawa. Zaɓi abinci mai yawan kuzari a ƙaramin wuri, irin su tunkuza, dabino, gyaɗa, madarar gari, kuskus da busasshen nama, ka bar burodi mai kumburi da duk abin da ke ɗauke da iska. A kan doguwar hanyar ƙafa kamar ta John Muir da ke Kalifoniya, mai tsawon kusan kilomita 340, akwai sashen kudu da ake shafe kusan mako ko fiye ba a samu wurin ƙara guzuri cikin sauƙi ba, kuma wanda ya zo da ƙaramin mazubi zai tarar da ragowar abinci a hannunsa da daddare, wanda hakan ya rushe amfanin ɗaukar mazubin tun farko.

Gwada shi kuma a cikin jakarka kafin ka biya kuɗi, domin babbar ganga ba ta kwanciya a kowace jaka. Ya fi kyau ta zauna a tsakiya kusa da bayanka, da tufafi a kewaye don kada ta dame ka. Idan tafiya ɗaya ce kawai za ka yi, ba sai ka saya ba: Yosemite tana bayar da haya a kan kuɗi kaɗan a wuraren karɓar izini, Denali da ke Alaska kuma tana ba da aro tare da takardar izinin.

Idan ka isa masauki, ka rufe murfin duk lokacin da ka juya baya, ko da rana tsaka ne. Da daddare ka ajiye shi a ƙasa a wuri mai shimfiɗe, nesa da tantinka gwargwadon yadda dokar wurin ta ce, wanda a yankunan girizli yakan kai kusan mita 90. Kada ka ajiye shi kusa da gaɓar rafi ko bakin kwazazzabo, domin beyar zai yi ta mirgina shi, kuma kada ka ɗaura masa igiya, saboda igiyar ce za ta zama mariƙin da zai ja shi da ita. Wasu suna ɗora tukunya da cokali a kansa don ƙarar ta tashe su, wasu kuma suna manna masa tef mai ƙyalli domin su gano shi da tocila idan an gusar da shi cikin ciyawa kafin gari ya waye.