Yadda za ka warware zuriyar ƙaramin sarkin Jamus ba tare da kanka ya juye ba

Ranar da na fara zana zuriyar Ernst na Gota, takarda uku na yaga. Laifina ne, don da sunaye na fara. A gidajen sarautar Jamus na ƙarni na 17 suna ba ya raba mutum da ɗan'uwansa, shekara da gari ne ke raba su. Ga yadda nake yi yanzu, kuma da shi Ernst ɗin zan nuna maka, tunda shi ya fi ba ni wuya.

Ka nemi babbar takarda da fensir, kar ka taɓa biro tukuna. Ka sa mutumin a tsakiya: Ernst, an haife shi a Altenburg a 1601, ya rasu a Gota a 1675. Daga nan ka ɗaukar wa kanka doka, ba sunan da zai hau takardar sai da shekarar haihuwa da ta mutuwa a gefensa. Ernst da matarsa Elisabeth Sophie 'ya'ya 18 suka haifa, tara ne kawai suka yi tsawon rai, maza bakwai mata biyu. Uku daga cikin yaran kuwa sunansu ɗaya, Johann Ernst. Na farko an haife shi a 1638, ya koma yana jariri. Na biyu ya zo a 1641, ya rasu a 1657 yana ɗan shekara 16. Da aka sake haihuwar namiji a 1658 sai aka mayar masa da sunan. Ni kuwa na haɗe na biyu da na uku wuri guda, sai ga shi na ɗaura wa mamaci aure a 1680, shekara 23 bayan an binne shi. Na kwana biyu ina zargin littafin da nake dubawa kafin na gane ɓarnar daga wajena take.

Sai maganar gari. Kowane namiji a wannan gida, babba da yaro, sarautar da yake amsawa ɗaya ce, Herzog na Sakson, wato ƙaramin sarki na yankin Sakson. Abin da ke bambanta su shi ne garin da aka liƙa a baya, wato inda fadar mutum take, kuma garin yana canzawa mutum na raye. Mahaifin Ernst, Johann na Weimar, ya rasu a 1605 Ernst bai cika shekara huɗu ba. 'Yan'uwan suka riƙe ƙasar a dunƙule har 1640, sannan suka raba: Wilhelm ya zauna a Weimar, Albrecht ya ɗauki Eisenach, Ernst ya sami Gota. Saboda haka in ka ci karo da Ernst na Weimar a rundunar Sarkin Suwidin a fagen yaƙin Lützen a 1632, kar ka buɗe masa sabon reshe. Mutuminka ne, bai ƙaura ba ne tukuna.

Shekarun rabo su ne ƙashin bayan aikin, ni da jan fensir nake rubuta su a gefen hagu. Bayan 1640 ka sa 1644, shekarar da Albrecht ya rasu bai bar magaji ba, Eisenach ta koma hannun 'yan'uwansa biyu. Ka sa 1672, lokacin da reshen Altenburg ya ƙare da mutuwar Friedrich Wilhelm na Uku, yaro ɗan shekara 14, kaso mafi tsoka ya faɗo wa Ernst, har da Koburg. A nan za ka ga amfanin rubuta matan aure da gidajen iyayensu, don Elisabeth Sophie, wadda ya aura a 1636, 'yar gidan Altenburg ce. Mata ba sa gadon ƙasa a wannan zuriya, amma aure shi ke nuna maka wa ke kusa da wa.

Babban rabon yana zuwa bayan mutuwar Ernst. Ernst bai bar wa ɗan fari ƙasar shi kaɗai ba, so ya yi 'ya'yansa maza bakwai su yi mulki tare, babba na jan ragama. A ganina nan dattijon ya gaza, duk da iya tsarinsa. Sarakuna bakwai a fada ɗaya, kowa da fadawansa da buƙatunsa, ai ba a daɗe ba. A 1680 suka yanka ƙasar: Friedrich ya riƙe Gota da Altenburg, Albrecht (ɗan Ernst, ba ɗan'uwansa na Eisenach ba) Koburg, Bernhard Meiningen, Heinrich Römhild, Christian Eisenberg, Ernst ƙarami Hildburghausen, auta Johann Ernst kuma Saalfeld. Ka ja layi bakwai, amma kar ka ba su fili daidai. Uku za su mutu nan kusa ba ɗa namiji, Koburg a 1699, Eisenberg a 1707, Römhild a 1710, kuma shari'ar gadonsu sai 1735 ta kwanta. Shi kansa Friedrich ya ɗauki darasi, a 1685 ya kafa dokar ɗan fari ne kaɗai magaji a nasa reshen.

In ka ga littattafai biyu sun saɓa da kwana goma a kan rana ɗaya, kar ka goge komai. Ƙasashen Furotesta na Jamus ba su karɓi sabuwar kalanda ba sai 1700, wani marubucin da tsohuwa ya yi lissafi, wani da sabuwa.

Bayan takardar nake ajiye abin da mutum ya aikata, don kar ya zama suna da lamba kawai. Na Ernst ya cika: fadar Friedenstein da ya fara ginawa a 1643, Yaƙin Shekara Talatin bai ma ƙare ba, da dokar makaranta ta 1642 da ta tilasta sa yara karatu. Wanda ya fi burge ni shi ne baƙon da ya sauka a fadarsa a 1652, malamin Habasha Abba Gorgoryos, wanda masani Bajamushe Hiob Ludolf ya koyi harshe da tarihin Habasha a wajensa.

Abu na ƙarshe, ka bar fili mai yawa a ƙarƙashin auta. Ni na matse Johann Ernst a lungun dama, ganin Saalfeld ba ta kai ta kawo ba. Ashe reshensa ne zai zama Sakson-Koburg da Gota a 1826, bayan gidan Friedrich ya ƙare a 1825. Daga reshen autan nan Leopold ya hau gadon Beljiyam a 1831, Albert kuma ya auri Sarauniya Biktoriya ta Ingila a 1840. Sai da na manna wata takardar a gindin ta farko, har yanzu a wurin mannin take naɗewa.